Waken Deolinda Ya Tashi

A ɗakin girkin coci maganar ta fara, inda duk wata maganar garin ke farawa. Wai waken Deolinda ya tashi daga matattu. Wai kunyoyi shida na waken faba da ke bayan gidanta, waɗanda babban sanyin Disamba ya babbake kamar na kowa, sun wayi gari kore shar. Wai kuma ba aikin kowa ba ne sai Ruhu Mai Tsarki, don tana kwance a asibiti da karyayyen ƙugu ta yi masa alwashi: in ta sake taka ƙasa da ƙafarta, ita za ta ciyar da jama'a wake ranar bikinsa.

Noemia ce ta kawo wa Alzira labarin, Lahadi ta biyu a watan Fabrairu, suna wanke kofuna bayan an tashi daga ibada. Ita ce ta riƙe 'yar Alzira ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna komadre, kuma shekara arba'in ke nan bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya a kan komai ba.

"Komadre, ba ji na yi ba. Matar direban tankar madara ta gani da idonta."

"To ai ji kika yi ke nan."

"Ke dai ba a iya miki."

"Ruhu Mai Tsarki, da duniya duka a wuyansa, ya bar masu yaƙi da masu ciwon daji, ya je ya tsuguna a bayan gidan Deolinda yana hura wa wake rai?"

"Kama bakinki, a coci muke."

"A kicin muke. Miƙo tawul."

Shekara talatin da huɗu Alzira ta yi tana koya wa 'ya'yan masu tatsar shanu lissafi da Turanci. Rabin mazan garin nan ta taɓa murɗe musu kunne, har yau kuwa in ta shiga kanti sai ka ga mai furfura ya cire hula yana cewa Malama. Ba ta karɓar magana don an ce tsofaffi sun faɗa. Tun kafin ta gama goge kofin da ke hannunta ta yanke hukunci: 'yar Deolinda ce ta sayo dashe ta kafa a ɓoye don ta faranta wa uwarta rai, matan coci kuma suka yi wa abin fukafukai.

Sai dai kofin ya yi ƙara da ta ajiye shi. In da gaske waken nan ya tashi, ko ma wa ya tashe shi, to irin mahaifiyarta bai ƙare a duniya ba.

Ba faba irin na kanti ba ne. Ƙarami ne, ja mai duhu kamar hanta, ɓawonsa da tauri. In ya dahu da albasa da kyafaffen naman alade, romonsa kan yi kauri har ya kama cokali. A wani ɗan ƙauye da ke maƙale tsakanin dutse da teku, a tsibirinmu na Azores, ake shuka shi. Mahaifiyar Alzira ta ƙetaro da shi Kalifoniya cikin ƙafar safa, lokacin Alzira na da shekara tara. Yanzu ƙauyen babu kowa, tun girgizar ƙasar da ta rufto da dutse a kan hanyarsa. Da tsohuwar ta rasu, Alzira ta yi abin da ta ga shi ne hankali, ba ta bar irin a hannu ɗaya ba. Ta raba wa mata shida, har da Noemia da Deolinda, nata gidan na bakwai. Takan ce rumbu ɗaya yana cin wuta, amma bakwai ba sa ci rana ɗaya.

Kowace shekara ranar Waliyyi Martinho, sha ɗaya ga Nuwamba, ake shuka. Abin da ya rage a gwangwani kuma a juye shi a tukunya da yammacin ranar, a ci da sabon ruwan inabi, don an ce iri ba ya ganin sanyi biyu. Wannan ma Alzira ta san ba haka ba ne, ta taɓa gwada wanda ya shekara uku a ajiye, ya tsiro abinsa. Amma ƙwari kan huda na ajiya, wake da sabon ruwan inabi kuma akwai daɗi, ga rumbuna bakwai. Ta ci nata har da siɗe kwano.

A kwarin nan hazo ne bargon gona. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yakan kwanta a kan garkunan shanu da gonaki, mai laima, mai warin jiƙaƙƙen buhu. Mutane su yi ta zaginsa don ba a ganin hanya, shi kuwa yana riƙe wa ƙasa ɗuminta. Faba na son haka. Ɗan farin sanyin asuba ba ya yi masa komai, ya langaɓe da safe, da hantsi ya miƙe. A shekarar ma ya fi kullum kyau, don Belmiro, ɗan ƙanen Alzira mai garken shanu a bayan gari, ya jibge mata taki mota guda. Kafin tsakiyar Disamba waken ya kai mata gwiwa, ganye fato-fato, kara cike da ruwa.

Saura kwana huɗu Kirsimeti iska ta taso daga arewa ta share hazon tas. Sama ta fito garau, shuɗiya, irin kyan da ke sa manomi ya yi shiru. Rediyo ya ce a naɗe bututun ruwa, a shigar da karnuka ɗaki. Da la'asar Alzira ta kwaso zannuwan gadon gidan, da labule, da mayafin teburin da ba a shimfiɗawa sai ranar biki, da kwat ɗin marigayi mijinta, ta lulluɓe kunyoyin tana danne gefe da bulo. Ba su isa ba. Ta daɗe tsaye da zane na ƙarshe a hannu, tana zaɓen wanda za ta rufe da wanda za ta bari.

Da safe ma'aunin da ke rataye a baranda ya nuna sha takwas. A ma'aunin ƙasar nan, a talatin da biyu ruwa ke daskarewa, ta rubuta wa yara wannan a allo ya fi sau ɗari. Zannuwan sun sandare kamar katako. Ta ɗaga ɗaya, ta ga waken tsaye ƙyam yana walƙiya kamar ba abin da ya same shi, har ta yi ajiyar zuciya. Da rana ta taɓa shi sai ya fara zubewa. Ganyen ya yi duhu kamar dafaffen alayyafo, karan ya yi laushi, kafin tsakar rana duk ya kwanta. Wanda aka rufe da wanda aka bari babu bambanci.

Ta hura wuta a tsohon duro, ta zuba jiƙaƙƙiyar ciyawa don ta yi hayaƙi, iska ta kwashe hayaƙin ta kai wa maƙwabta. Ta ɗumama ruwa ta zuba a gindin kunya ɗaya, kafin ta dawo da tukunya ta biyu na farkon ya zama ƙanƙara. Ta buɗe littattafanta na noma guda uku. Duk sun faɗi yadda ake shuka da yadda ake girbi, babu wanda ya faɗi abin da mutum zai yi in ya tsaya a kan gawa. Kwana biyar aka yi a haka. Lemu ya daskare a kan bishiya, bututu suka yi ta fashewa, 'yan maruƙa suka mutu a garke. Wanda ya rasa maraƙi ba ka zuwa masa da kukan wake.

Ta bi gidajen a waya ɗaya bayan ɗaya.

"Naki fa?"

"Ya tafi, Malama."

Gidan Deolinda ne kawai ba a ɗauka ba. Ashe a safiya ta biyu ta zame a kan ƙanƙarar matakalar baya, an tafi da ita asibiti. Alzira ta tuƙa mota ta je ta leƙa ta kan shinge. Kunyoyi shida, kwance, sun yi baƙi ƙirin. Da idonta ta gani.

A tsibiri ruwa ba ya daskarewa. Iyayenmu sun san iska mai gishiri, sun san zaizayar ƙasa, ba su san sanyin da ke kwantar da shuka ba. A can in ganye ya yi baƙi a kan kara, cuta ce, cuta kuwa yaɗuwa take yi. Sai a tuge shi da saiwarsa, a karkaɗe ƙasar tas, don ƙasa a can da kwando ake hawa dutse da ita, ba a yar da ita, sannan a ƙone. Ga kuma bakin mutane. Matar da ta bar mushen gona a bakin hanya har sabuwar shekara, an san irin gidan da ta fito. Alzira ta tuhumi waliyyai, ta tuhumi Fadan coci, ta tuhumi masu rataya wa jarirai ɗan ƙaho don kambun baka. Ba ta taɓa tuhumar tsafta ba. Bai ma yi mata kama da abin da ake tuhuma ba.

Ranar ashirin da tara ga wata Belmiro ya zo da ƙaramar tarakta.

"Tiya," ya ce, wato gwaggo, "ko in bari sai bayan sabuwar shekara? Ƙasar da sauran tauri."

"Ka bar min wannan warin a bayan ɗaki har yaushe? Shiga ka gama."

Ya bi sau ɗaya. Ta duba, ta ce ya sake bi a gicciye. Na jikin shinge, inda garma ba ta kaiwa, ita ta durƙusa ta tuge da hannunta, ta karkaɗe, ta tara, ta ƙyasta musu ashana. A watan Janairu ta yi waya tsibiri, wurin wata 'yar gwaggonta da ke babban gari. Matar ta yi dariya har da tari, ta ce wa ke ajiye iri yanzu? Kowa a kanti yake saye. Daga ranar Alzira ba ta sake ambaton faba ba, sai Lahadin nan da Noemia ta kawo shi wurin wanke-wanke.

Litinin da hantsi ta ɗauki Noemia a mota. Hazo ya dawo, suna tafiya a hankali da fitila a kunne. Gidan Deolinda na ƙarshen gari, bayan magudanar ban-ruwa. Tun daga bakin shinge suka ga kyandir uku a cikin kwalabe, da jan ƙyalle da wani ya ɗaura a jikin waya.

"Kin gani ko?" in ji Noemia, tana yin alamar gicciye.

"Na ga mutanen da ba su da aikin yi."

Deolinda na zaune a kicin kusa da murhu, ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu a gefenta. Ta rame, amma an gyara mata gashi kamar mai jiran baƙi.

"Malama! Har ke? Ashe labarin ya kai inda ba ya kaiwa."

"Ya ƙugun?"

"Da sauƙi. Sun buga min ƙusa kamar ƙyauren garke. Ku zauna, ga biredi mai zaƙi, jiya 'yata ta gasa."

"Ba ni cokali."

"Ku sha kofi tukuna mana."

"Cokali, Deolinda. Babba."

Abin da ta tarar a baya ba shi ne abin da matar direba ta faɗa ba, ba kuma shi ne abin da ita ta zata ba. Wurin kaca-kaca yake. Tsofaffin karan na nan kwance inda suka faɗi, sun ruɓe sun yi yauƙi, ciyawa ta fito a tsakaninsu, dodon-koɗi na yawo a kai. Babu wanda ya taka wurin tun Disamba. Amma a gindin kusan kowane mataccen kara akwai toho, uku, huɗu, wani ma biyar, kaurin ɗan yatsa, tsawon tafin hannu, kore mai toka-toka.

Ta kama shinge ta sauka a kan gwiwa a hankali, kamar mai sauke kayan fashewa. Ta sa cokali ta tona. In dashe ne, ƙasar za ta yi laushi, a ga dunƙulen baƙar ƙasar kanti a gindinsa. Ƙasar a danƙare take. Ta bi tohon da yatsa zuwa ƙasa, sai ta same shi manne da tsohon karan, ƙasa da inda baƙin ya tsaya. Daga nan abin fari ne, mai tauri, da ransa, saiwar ta nutse abinta. Ta tona na biyu. Ta tona na biyar. Ta ja gwiwa ta bi kunyar har ƙarshe, inda wurin ya yi kwari ruwa ke kwanciya. A nan kam saiwar ta ruɓe, babu toho ko ɗaya.

Noemia na tsaye a kanta da kofi a hannu.

"To, sarkin musu? Dashe ne?"

"Ba dashe ba ne."

"Yesu, Maryamu! Ashe dai..."

"Ruhu Mai Tsarkin naku ya tsallake inda ruwa ke kwanciya. Ko ba ya son jiƙa ƙafa?"

Amma muryar ba ta fito yadda ta saba ba. Ta zauna a kan dugaduganta tana kallon karan da ya mutu daga sama kawai. Tarakta ta gani a zuciyarta, a bayan ɗakinta, tana bi a gicciye. Ta ture tunanin gefe, zai jira ta, ba inda za shi. Yanzu ga toho ya fi ɗari uku a gabanta, kuma ita da hannunta ta ba Deolinda iri. Noemia ta kama ta ta miƙe, ta shiga kicin da laka har ƙauri.

"Deolinda, saurara. Waken nan ba za a ci ko kwasfa ɗaya ba. Za a bar shi ya bushe a kan kara. Iri ne, shi kaɗai ya rage mana."

"Malama, ai na yi alwashi..."

"Zan kawo miki na kanti buhu guda ki dafa wa Ruhu Mai Tsarki. Ba zai gane bambanci ba, ba ɗan tsibiri ba ne."

"Komadre!" in ji Noemia.

"Kullum zan zo in cire ciyawa, in kashe dodon-koɗi. Belmiro zai kewaye shi da waya saboda zomaye. Kyandir ɗin nan kuma a kwashe kafin su cinye miki shinge."

Deolinda ta kama bakin mayafin tebur tana naɗewa tana warwarewa.

"Malama, zauna mana."

"Jikina duk laka."

"Zauna dai. Noemia, buɗe wancan kabad ɗin. Gwangwanin biskit, na bayan sukari."

Noemia ta sauko da shi ta buɗe a kan tebur. Ambulan-ambulan ne na takarda, an ninke su tsaf, kowanne da hoton koren kwasfa da tambarin kantin abincin dabbobi. A ƙasan gwangwanin 'ya'yan wake uku na gangare: manya, masu faɗi kamar babban yatsa, farare da ɗan kore.

"Tun shekarar da mijina Artur ya rasu," in ji Deolinda, idonta a kan tebur. "Shekarar aka cire min haƙora aka sa na roba. Naki ɓawonsa da tauri, Malama. Sai ya shige ƙarƙashin robar, in yini ina hawaye. Wannan kuwa narkewa yake yi a baki."

"Shekara nawa ke nan?"

"Shida."

"Kowace Nuwamba ina tambayar ki a ƙofar coci. In ce Deolinda, ya iri? Ki ce yana nan lafiya lau."

"To me zan ce? Ke ce fa. Ni da ko aji uku ban gama ba. Artur ma, duk girmansa, in ya hango ki sai ya tsallaka titi. Kowa tsoronki yake ji, Malama. Ba wai ba ki da kirki ba ne."

"Wanda na ba ki fa?"

"Na dafa wa jikoki." Ta ɗan ɗago kai. "Sun ce da daɗi."

Alzira ta ɗauki ƙwaya ɗaya tana juya ta a tsakanin yatsu. Ba ta ma iya yin fushi ba. Wa za ta yi wa? Tsohuwa mai ƙusa a ƙugu da ke son abin da za ta iya taunawa?

"Amma dai al'ajabin gaskiya ne ko?" in ji Deolinda, hawaye na bin kuncinta. "Ke ma kin gani da idonki."

Alzira ta mayar da ƙwayar cikin gwangwani ta rufe.

"Ki sa a cire masa ciyawa. Zai yi 'ya'ya a watan Mayu, ya ishe ki cika alwashi."

A mota ba ta nufi gida ba.

"Ina kuma za mu?" in ji Noemia.

"Wurin sauran. Wataƙila a cikinsu a samu ƙazama ɗaya."

Ba a samu ba. A gidan farko an tuge tun kafin Kirsimeti, an dasa kabeji a wurin, layi a miƙe kamar an ja da zare. A na biyu an zuba wa shanu. A na uku matar ta ce ita ba ta ƙone ba, tarin na nan bayan akurkin kaji. Alzira ta tsuguna tana yamutsa tarin da hannu biyu, kaji na karkata kai suna kallon ta. Ta ɗago saiwa bayan saiwa, kowace an karkaɗe ta tas, ta yi sati bakwai a iska, tana karyewa kamar tsinke. Matar na tsaye ta harɗe hannuwa.

"Ban bar ko ƙwayar ƙasa a jiki ba, Malama. Yadda innata ta koya min."

"Na gani. Kin iya aiki."

A gida na huɗu ba ta ma fita daga mota ba. Daga titi ana hango filin, an share shi, an bi shi da manjagara har da zane.

"Nawa kada ki wahalar da kanki," in ji Noemia a hankali. "Ranar da na hango hayaƙinki na ce kada komadre ta riga ni, ta zo tana min gori. Kafin rana ta faɗi na gama."

Alzira ta sauke ta a ƙofar gidanta.

Da yamma Belmiro ya biyo da madara kamar kullum, ya same ta a tsakiyar filin bayan gida, ta sunkuya tana tafiya taku-taku kamar wadda ta yar da ɗan kunne.

"Tiya, me ya ɓace?"

"Garmarka ina take kaiwa a ƙasa?"

Ya gwada da hannu, daga yatsu zuwa rabin sangali. "Haka. Sau biyu kuma na bi. Ke kika ce."

"Na san ni na ce. Ba za a samu guntun saiwa da ya tsira ba? Ko ɗaya?"

Ya shuri ƙasar da takalmi, ta watse laushi kamar gari. Mutum ne da ba ya iya ƙarya, tun yana ajinta bai iya ba.

"Yanka take yi, Tiya, ba juyi kawai ba. Sabuwa ce, bana na sa ta." Ya sosa ƙeya. "In wake ne, akwai wani iri a kanti, an ce sanyi ba ya yi masa komai. Gobe in kawo miki?"

"Ajiye madarar a kan matakala."

Duk da haka ta ba filin ruwa. Sati uku tana jan tiyo kowace safiya, tana ba gonar da ba komai a cikinta ruwa, maƙwabta na leƙe ta taga. Duk ɗan koren da ya leƙo sai ta kama sanda ta durƙusa a kansa. Ciyawar takin Belmiro ce ta fito, sai wani kabewa da ba wanda ya shuka. Ta bi jikin shinge da yatsa, rami bayan rami, inda ita ta tuge. Ba ta bar komai ba. Ita ma ta iya aiki.

Lahadi ta biyu a watan Maris ɗakin girkin coci ya cika, ana raba aikin bikin Ruhu Mai Tsarki. Kyandir a shingen Deolinda sun kai goma sha biyu, har daga wani gari an zo kallo. Noemia ta matso kusa da ita a wurin wanke-wanke ta rage murya.

"Komadre, ana ta magana. Wai kin je kin gani kin dawo bakinki a rufe. Wai har Malama ta yi imani."

Matan da ke yanka biredi sun daina yanka. Duk ita suke kallo. Alzira ta kashe famfo, ta goge hannu a jikin siket.

"Ba wanda ya tashe shi, don bai mutu ba," ta ce. "Sanyi saman faba yake ci, ya bar saiwa. In aka ƙyale shi, bayan sati shida sai ya yi toho daga gindi. Na Deolinda ya rayu ne don tana asibiti, babu mai tuge shi, kuma na kanti ne. Namu na tsibiri da ransa muka tuge shi, gida shida, har da ni. Babu sauran ko ƙwaya ɗaya."